Sakatar da Kawu Ya Yi wa Batir

Kawu ya koma ga Mai shi ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar, gero yana fitar da kai. Allah Ya haskaka makwancinsa. Kafin a yi addu'ar uku na ji yabonsa iri-iri a bakin masu zuwa gaisuwa, kuma kusan kowane yabo sai ya zo da 'yar dariya a ƙarshensa.

Liman ya ce shekara da shekaru yana rufe masallaci bayan sallah, amma bai taɓa juya baya ba sai ya ji Kawu ya tsaya yana jijjiga kwaɗon. Wani mai awon hatsi da ya zo daga Ɗambatta ya ce Kawu ne kaɗai mai zuwa kasuwa da nasa kwanon awo, ya auna da na mai kaya, ya sake aunawa da nasa. Wata mata daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi ta shigo da kuka, tana cewa ba don shi ba da ita da ɗanta ba su kai labari ba, domin shi ya tsallaka da ita ruwa tana naƙuda. Da ta share hawaye sai ta ƙara da cewa kafin ya tayar da mota sai da ya kira ungozoma gefe ya tambaye ta ko naƙudar gaske ce. Matan cikin gida suka fashe da dariya, suka koma kuka.

Maganarsa ɗaya ce, duk garin an haddace ta: "Ban ce ƙarya kake ba, na ce bari in duba."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma tela ne. Shagona yana kallon rumfar da yake ajiye motarsa, tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ita kaɗai ke iya ratsa yashin rafinmu da damina. Ita ke kai taki gonaki, ita ke kwaso dammunan gero, ita ke kai marar lafiya asibiti. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma ba zan ɓoye ba, har da don in wanke kaina. Kwana bakwai na yi ina zaman makoki a kan tabarma ɗaya da mutanen da ke zaton na sa hannu a aljihun gawa.

Ga yadda abin ya faru. A kan bencin ƙofar shagona Kawu yake zaune ranar, ya ce yana jin jiri, kafin in kawo ruwa ya sulale. Ni da maƙwabta muka ɗauke shi zuwa cikin gida, ni na cire masa riga kafin a yi masa wanka, na ninke ta na ajiye. Da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya iso daga Kano, na miƙa masa rigar yadda take. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zazzage aljihun a gaban mutane: carbi, asuwaki, 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi, da makullin mota. Ya sake girgiza rigar, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Tela, ina notin?"

Ni da Yaya taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya da zolaya. Na jira in ga murmushi a fuskarsa, ban gani ba. Duk wanda ke wurin ya san notin da yake nufi, kuma ya san makullin motar Kawu ba ya tayar da komai idan babu shi.

Asalin notin nan ɓera ne. Gidajenmu a matse suke, gona na shiga gona, rumbu na jingine da rumbu, kuma rumfar motar tana tsakanin rumbuna uku da tarin karan dawa. Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki sai na hango hayaƙi yana fitowa daga gaban motar, alhali tana tsaye ba kowa a ciki. Kawu ya fito ba takalmi, ya ɗaga murfin inji, ya fizge kan batir da hannunsa, har ya ƙone a tafin hannu. Ɓerayen rumbu ne suka gwaguye rigar waya, wayar ta taɓa ƙarfe. Ya daɗe a tsaye yana kallon karan dawar. Daga baya ya gaya mini cewa mota ko a kashe take wuta na kwance a cikinta, kuma shi ba zai ƙara barin wuta kusa da abincin mutane ba tare da ya sa mata sakata ba.

Muka shiga Kano tare, ni sayen yadi, shi neman abin katse batir. A kasuwar kayan mota aka fito masa da na kwali, mai jan makulli na roba. Mai shagon yana ta zuba yabo, Kawu kuwa ya ce a ba shi guda biyu. Ya zare makullin wannan ya zura a wancan, ya murɗa, ya buɗe. Ya ajiye su a hankali ya ce ashe makullin gidan kowa ne. Mai shagon ya rantse duk duniya haka ake yin su. Kawu ya ce bai ce ƙarya yake ba, muka fito. Kunya ta kama ni, domin mutumin har ruwan sanyi ya saya mana.

Sai ya ce zai ƙera nasa. Ya sayo kebur mai kauri irin na masu walda. Wayar da ke tashi daga batir zuwa jikin mota ita ya yanke, ba ɗayar ba, wai don ko sifana ta kuɓuce ta taɓa ƙarfe kada ta yi tartsatsi. Ya zura kebur ɗin cikin tiyon ban-ruwa saboda girgizar hanyarmu kada ta goge shi, ya bi da shi har ƙarƙashin kujerar direba. A nan ya kafa guntayen jan ƙarfe guda biyu a kan busasshen katakon maɗaci, ɗaya a saman ɗaya, da ratar yatsa a tsakaninsu. Idan aka ɗaura noti ya ratsa na sama ya kama na ƙasa, wuta ta wuce. Idan aka kwance shi, motar ta zama gunki, ko fitilar gaban direba ba za ta kawo ba. Ya ɗaga akwatin sama sosai, domin ruwan rafi yakan kai bakin ƙofa. Notin kuwa, na jan ƙarfe ne mai tsawon ɗan yatsa, wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka masa shi da haƙora a juye, sai an murɗa hagu yake shiga. Duk notin da ka ɗauko a kasuwa ba zai kama ba.

Ni na ɗinka wa akwatin riga da tamfol. Ya kai ta rana ya bi ɗinkin layi-layi yana ja da farce, kamar ba shi ya biya mini kuɗin koyon sana'ar ba. Ranar gwaji ya zaɓi mafi munin hanyar da ke zuwa Tsanyawa, muka je muka dawo ba abin da muka saya. Da muka tsaya ya bi kowane kan waya yana taɓawa da bayan yatsa. Ya ji ɗumi a guda ɗaya, ɗumin da ni ban ji ba, sai ya wargaza aikin gaba ɗaya ya sake. Dokarsa kuwa ita ce ba a kwance noti inji na aiki, domin injin cajin batir zai ƙone. Sau ɗaya na kai hannu da mantuwa, ya make ni, ina da 'ya'ya uku a lokacin.

Mutanen gari suka sa wa abin suna sakatar Kawu, kuma kowa ya ɗauka don shi aka yi ta. Masu aron mota suka ce don su ne. Yaya ya fi kowa jin haushi. Ya zo hutun sallah da tsohon makullinsa, ya shiga motar zai kai abokansa yawo, ya murɗa ya ji shiru. Na ji su daga shago, yana cewa shi ɗan cikinsa ne, a gidan nan aka haife shi, yaya za a kulle masa mota kamar ɓarawo. Kawu yana wanke hannu a buta, bai ko ɗago ba.

"Ɓeran ma a gidan nan aka haife shi," in ji shi.

Yaya ya koma Kano washegari, bai kwana biyun da ya yi niyya ba. Na san maganar ta zauna masa, kuma na san Kawu ya yi nadamarta, domin da kaka ya loda masa buhun gero da na wake ya kai masa har ƙofar gida da kansa. Amma bai ba shi haƙuri ba, kuma bai ba shi noti ba.

Rigimar da na fi tunawa ita ce ta kunyar gyaɗa. Burtalin da ke zuwa gonarsa ta fadama siriri ne, mota na wucewa ganye na shafar ta hagu da dama. Wani maƙwabcinsa ya zo da safe ya ce an take masa kunya biyu daga farko har ƙarshe, kuma mota ɗaya ce ke bin hanyar. Kawu ya tashi da faɗa, ya ce shekara talatin yana bin burtalin nan bai taɓa karya karan kowa ba. Har aka fara taruwa. Can sai ya ce bari ya duba. Muka bi shi. Ya durƙusa ya auna sawun da tafin hannunsa, ya dawo ya auna tayarsa, ya koma ya sake aunawa. Akwai wani faci a tayar baya wanda shi ya yi shi, ga shi nan ya fito a cikin laka ƙarara. Ya ɗauko fartanya ya tayar da kunyoyin da hannunsa, ya hana kowa taya shi, da aka cire gyaɗa kuma ya aika wa mutumin daga tasa.

Bayan wannan ne ya soma wasu halaye da na kasa ganewa. Ya zo shagona ya ce in ba shi allura, wadda ta fi kowace ƙanƙantar kafa. Na ba shi, ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce in kawo sauran ya gwada, ko na ɓoye wata. Duk bayan 'yan watanni sai ya dawo neman sabuwa. Na taɓa ce masa in ɗinki Inna take so, ta aiko mini, ko in ba shi mai babbar kafa. Ya ce ba a tambaye ni ba. Inna ita ce matarsa, mahaifiyar Yaya.

Sannan ya fara sa ni tuƙi. Shi ya koya mini tun da daɗewa, amma da ba ya bari in riƙe sitiyari sai a fili. Yanzu sai ya leƙo ya ce in rufe shago akwai marar lafiya, ko akwai taki. Kuma kullum da sharaɗi: sai na je zaure na yi sallama da ƙarfi, na gaida Inna ta amsa, sannan ya shiga ciki ya fito da noti. Ni dai na fassara abin yadda ya dace da halinsa. Na ce shaida yake kafawa, don in an wayi gari wani abu ya sami motar, a san wanda ya ɗauke ta. Raina ya ɓaci, na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta ce in yi haƙuri, haka yayanta yake tun suna yara, ko fura uwarsu ta dama sai ya leƙa ƙwaryar. Tun daga kakar bara kuwa ban ƙara ganin ya tuƙa da kansa ba. Yana zaune a gefena yana gyara mini hannu a kowace kwana.

Wannan ne Yaya ya tattara ya yi mini hukunci da shi. A ganinsa na lallaɓa na shige jikin tsoho har na mallake motar, yanzu kuma na ɓoye noti don in an zo rabon gado a ce motar ba ta tashi, a bar mini ita a banza. Na gaya masa gaskiya, cewa duk mai gyaran wayar mota zai tayar da ita kafin shayi ya huce, waya ɗaya zai ja daga batir zuwa jikin mota, ni ma zan iya. Ashe na ƙara wa kaina. Ya ce wato har na san hanyar. Ya hana a taɓa motar, ya ce a bar ta yadda take sai malamin rabo ya zo, domin shi ba tashin mota ne ya dame shi ba, hannun da ya shiga aljihun ubansa kafin a yi masa wanka ne.

Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Da an faɗa ma da na sami abin amsawa. Sai dai in na zo zama a ga an ɗan matsa, in na tashi hira ta canza. Wani dattijo da ya kawo mini ɗinkin babbar riga ya aiko a karɓo yadinsa, wai ya fasa. Ni ma ban tsira daga cutar ba. Na zargi masu wanka, na zargi maƙwabcin da ya kama ƙafafun Kawu, har na zargi Yaya da cewa shi ya zare notin don ya raba ni da gidan. Na share ƙasan bencin shagona sau uku, na tona yashin wurin da yatsu. Garin nan kaf muka zama Kawu, sai dai shi in ya yi zato yakan je ya duba, mu kuwa muna zaune muna kallon juna.

A cikin kwanakin nan duka ba wanda ya tambayi Inna. Tana ɗaki tana takaba, mata sun kewaye ta, maganar mota kuma ta maza ce a waje. Ga shi Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi, shi ma gaisuwa ce kawai ke kai shi ƙofarta. Sai ranar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a, mahaifiyata ta kasa daurewa ta shiga ta gaya mata abin da ake faɗa a kaina.

Aka aiko mu zo mu biyu, ni da Yaya. Muka durƙusa a bakin ƙofa. Inna tana zaune a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen mahaifiyata, ta ce, "Ki ce wa wancan ya buɗe idonsa." Ta jawo haɓar zanenta ta kwance ƙulli. Notin ya faɗo a tafin hannunta, tare da wani ɗan ƙyalle shuɗi da na gane daga shagona yake, an soke allura a jikinsa.

Ta ce tun ranar kunyar gyaɗa notin bai ƙara kwana a aljihun Kawu ba. A ranar ya shigo ya gaya mata cewa bai ga kunyoyin nan ba, ko alama bai ji ya hau su ba, kuma idon da ya ɓoye masa kunya biyu zai iya ɓoye masa ɗan mutum. Ya damƙa mata notin, ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba yana raye. Kowace safiya in yana son fita da mota, sai ya zauna a bakin ƙofarta inda haske yake, ya zura zare a allura tana kallo. In ya shiga, ta ba shi. In bai shiga ba, ko zai yi faɗa, ko zai yi magiya, kada ta ba shi, sai ta ji muryar Tela a zaure. Ta ce ya yi faɗan kuwa, ya yi magiyar, har ya taɓa kwana biyu ba ya cin tuwonta. Ta taɓa sauya masa allura da mai babbar kafa don tausayi, ya gane, ya ce ita ma ashe sai an duba ta.

Tun kakar bara zaren bai ƙara shiga ba, amma bai fasa gwadawa ba ko rana ɗaya. Ranar Talatar ma ya gwada, ya daɗe yana yi, sannan ya soke allurar a ƙyalle ya miƙa mata ya ce ta ajiye zai sake gobe.

Mahaifiyata ta tambaye ta me ya sa ba ta fito da notin tun ranar farko ba. Ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma shi da allurar su ne na ƙarshe da ya sa mata a hannu, ba ta yi saurin rabuwa da su ba.

Kunya ta rufe ni. Shekara uku ina jin haushin sallamar nan, ina cewa bai yarda da ni ba, ashe muryata ce kaɗai ke buɗe masa sakatar. Mutumin da muka yi ta yi wa dariya cewa yana zargin kowa, kansa ya fi tsananta wa, kuma bai bari mun sani ba. Allah Ya duba shi da rahama fiye da yadda ya duba kansa.

Yaya ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya juyo gare ni.

"Tela, na zalunce ka a gaban mutane. A gabansu zan janye. Ka yafe mini."

Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini, domin abin da na raya a kansa bai fi nasa kyau ba. Sai ya roƙi mahaifiyata ta gaya wa Inna ta ba ni notin in riƙe kafin a yi rabo, tunda damina ce kuma ba a san wanda ciwo zai kama a ƙetaren rafi ba. Na miƙa hannu biyu.

Inna ba ta ba ni noti ba. Allurar ta zare daga ƙyallen ta ɗora mini a hannu, ta tsinko zare daga bakin mayafinta ta miƙo.

Shekara ashirin ina ɗinki, ina zura zare ina hira ba tare da na kalla ba. Na matsa inda hasken yake, daidai inda ta ce yana zama, ƙasar wurin har ta yi sumul. Na lashi bakin zaren na kai, ya kauce. Na sake, ya sake kaucewa. A karo na uku ban ma ga allurar ba, ruwa ya cika mini ido.

Inna ta karɓi allurarta ta soke a ƙyalle, ta haɗa da notin, ta ƙulle a haɓar zane, ta ja ƙullin da haƙori.

"Ka dawo gobe da safe," ta ce. "Shi ma haka nake ce masa."